Dakta Armauer Hansen, Mutumin da Ya Leƙa Cikin Kurjin Kuturta

Gabatarwa

A zangon karatu na biyu na bara, malaminmu na adabin baka ya ba mu aikin tattara karin magana, kowane ɗalibi da nasa jigo. Ni sai rabona ya faɗa a kan kuturu. Da farko na ɗauka zan sha wuya, domin Hausa ba a nono na sha ta ba, a aji na koye ta da kuma bakin kasuwa. Ashe abin a yalwace yake. Cikin mako biyu ina zagaya unguwar Hausawa, daga wurin masu goro zuwa wurin mahauta da masu canji, na cika shafi huɗu. Wani ya ba ni kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Wani dattijo mai goro ya ba ni da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi. Sai dai duk wanda na tambaya me ke kawo kuturta, amsarsa daban da ta ɗan'uwansa. Wannan ya ce haɗa kifi da nono, wancan ya ce naman akuya, wani ya ce sammu. Amsar da ta fi yawa ita ce gado. Ba wanda ya ambaci ƙwayar cuta.

Wannan amsa ta gado ta taɓa ni, domin ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Ni ɗan jihar Abiya ne. Kakanmu na wajen uba ya yi jinyar kuturta a sansanin Uzuakoli yana saurayi, ya warke sarai, ya dawo gida ya yi aure ya haifi 'ya'ya bakwai, ba ko ɗaya da ya kamu. Duk da haka, ina ɗan sakandare aka fasa auren ɗiyar wan babana, bayan an riga an kai kaya, saboda dangin mijin sun yi bincike sun ji labarin kakanmu. Suka ce jinin gidanmu ba shi da kyau. Abin da ya sa ke nan da na gama aikin malam ban tsaya nan ba, na shiga neman wanda ya fara tabbatar wa duniya cewa kuturta ba a jini take ba. Sunansa Gerhard Armauer Hansen, likita ne mutumin ƙasar Norwe. Ga tarihinsa gwargwadon abin da na iya tattarawa, idan kuma mai karatu ya ga tuntuɓe a Hausata, ina neman afuwa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Hansen ranar 29 ga Yuli, 1841, a birnin Bergen da ke gaɓar teku a yammacin Norwe. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma sha biyar. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda daga baya ya karye, saboda haka yaron ya yi karatun likita ne yana aiki yana biya wa kansa. Ya sauke karatu a 1866 a jami'ar Kiristiyaniya, birnin da a yau ake kira Oslo. Ya ɗan taɓa aiki a babban asibitin ƙasa, sannan ya tafi tsibiran Lofoten a can arewa mai tsananin sanyi, ya zama likitan masunta. A 1868 ya dawo garinsu ya kama aiki a asibitin kutare na Lungegård.

Wataƙila mai karatu ya yi mamaki, kamar yadda na yi, jin an ambaci kutare a ƙasar Turawa mai ƙanƙara. A yawancin ƙasashen Turai cutar ta ja baya tun ƙarnuka kafin lokacin, amma a yammacin Norwe ta sake yin ƙarfi a ƙarni na 19, tsakanin talakawan masunta da manoma masu cunkushewa a ɗaki ɗaya saboda sanyi. A 1856 gwamnati ta buɗe rajistar masu cutar ta ƙasa baki ɗaya, kuma a wannan shekara an ƙirga mutum kusan 3,000. Birnin Bergen kaɗai yana da asibitin kutare har uku.

Shugabansa, kuma surukinsa

Wanda Hansen ya tarar a matsayin shugaba shi ne Daniel Cornelius Danielssen, wanda a lokacin ba a san wani da ya fi shi sanin kuturta ba a duk Turai. A 1847 shi da abokinsa Carl Wilhelm Boeck suka wallafa babban littafi a kan cutar, da zane-zanen fuskokin marasa lafiya da na abin da suka gani a cikin gawa. Su ne suka fayyace cewa cutar tana da fuska biyu. Akwai mai fitar da ƙuraje masu tauri a fuska da kunne, akwai kuma mai fitar da tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi.

Danielssen ya haƙiƙance cewa kuturta gado ce, wato ra'ayinsa ɗaya da na mahautan da na yi hira da su. Ba kuma da ka yake magana ba, yana da hujjojinsa. Ya ga cutar tana bin gidaje. Ya ga ma'aikatan asibiti suna shekaru cikin kutare ba su kamu ba. Har ma ya ɗebi abin cikin kurji ya yi wa kansa allura da shi, ba sau ɗaya ba, kuma bai kamu ba. To wa zai ja da irin wannan mutum?

Ƙaramin likitan da ya zo jiya ne ya ja da shi. Hansen ya samu tallafi a 1870 ya je Bonn da Biyana ya ƙaro ilmin duba tsoka da madubin likita. A can ya karanta littattafan Darwin, suka juya masa tunani ƙwarai, har ya zama mutumin da ba ruwansa da addini, abin da ya jawo masa baƙin jini a wurin malaman coci na ƙasarsa har ƙarshen rayuwarsa. Da ya dawo, a 1871 da 1872, ya bi ƙauyukan yammacin Norwe gida gida yana tambaya. Abin da ya lura da shi shi ne, a gidajen da cutar take, marasa lafiyar sun yi zaman tare da wani mai ita. Wanda kuwa aka raba da gidan tun da wuri yakan tsira ko da jininsu ɗaya. Ya kuma lura cewa a yankunan da aka fi kwashe marasa lafiya zuwa asibiti, sababbin kamu sun fi raguwa. Cutar da ke cikin jini ba za ta damu da inda mutum yake kwana ba.

Abin sha'awa, wannan saɓani bai hana zumunci ba. A farkon 1873 Hansen ya auri ɗiyar Danielssen mai suna Stephanie. Auren bai kai shekara ba, tarin fuka ya kashe ta a cikin wannan shekarar. Bayan shekara biyu ya sake aure, kuma da ya samu ɗa namiji sai ya raɗa masa sunan tsohon surukinsa, Daniel Cornelius.

Abin da ya gani ranar 28 ga Fabrairu, 1873

Tun kafin Hansen, waɗansu sun leƙa cikin kurjin kuturta. Danielssen ya ga waɗansu dunƙule-dunƙule masu launin ƙasa-ƙasa a ciki. Shahararren likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana waɗansu manyan ƙwayoyin halitta masu kama da kumfa, waɗanda har yau ake kiran su da sunansa. Amma dukkansu sun ɗauka tsoka ce kawai da ta lalace. Hansen ya yanki kurji daga jikin mara lafiya, ya kankaro ruwan ciki, ya sa a madubi ba tare da wani rini na kirki ba, domin a lokacin ba a gano rinin da ke kama wannan ƙwaya ba. A cikin waɗannan manyan ƙwayoyin halitta ya hango waɗansu 'yan siraran abubuwa kamar sanduna, a ɗaure dami-dami. Ya duba mara lafiya na biyu da na uku, ya sake ganin su. Ya ba da rahoto mai tsawo a 1874, cikin taka-tsantsan, yana nuna cewa waɗannan sanduna su ne ake zargi.

A tuna cewa a wannan lokaci Robert Koch bai riga ya gano ƙwayar tarin fuka ba, sai a 1882. Saboda haka ƙwayar kuturta tana cikin na farko-farko da aka danganta da wata cutar ɗan Adam. Mutane da yawa sun yi masa dariya, har da surukinsa.

A nan zan ɗan dakata da tarihi, domin abin da ya fi burge ni a duk binciken nan shi ne waɗannan ƙwayoyin halitta da sandunan suke kwance a cikinsu. Wani abokina ɗalibin likitanci ya kai ni ɗakin gwajinsu ya nuna mini gilasai biyu, dukkansu daga fatar masu kuturta. A na farko, ko ni da ban san komai ba na ga jajayen sanduna birjik, cunkushe cikin wasu abubuwa masu kama da kumfar sabulu. A na biyu na duba har idona ya yi ruwa ban ga sanda ko ɗaya ba, sai wasu ƙwayoyi da suka yi da'ira kamar mutane sun kewaye ɗan dambe. Na ce masa ai wannan na biyun lafiyarsa lau. Ya yi dariya ya ce cuta ɗaya ce, ƙwaya ɗaya ce, jikin mutanen ne ya bambanta.

Ga yadda na fahimci bayanin. A cikin sojojin jiki akwai wani babba da ake kira makarofaj, ma'anar sunan a harshen Girka ita ce babban maci. Aikinsa sintiri, duk baƙon abin da ya tarar sai ya haɗiye shi ya narkar. Ƙwayar kuturta kuwa tana da riga mai kauri mai maiƙo, ba ta narkewa da sauƙi. Makarofaj ba ya iya kashe ta sai ya samu umurni daga wasu ƙananan sojoji da ake kira limfosait na T, waɗanda su ne ke gane abokin gaba su saki sinadarin da ke zaburar da shi. Idan umurnin ya zo, sai makarofaj su canja kama, su taru su yi wa ƙwayar ƙawanya, waɗansu ma su haɗe su zama ƙatuwar ƙwaya ɗaya mai cibiyoyi da yawa, limfosait kuma su kewaye su kamar ganuwa. Wannan shi ne gilashi na biyu. Mai irin wannan jiki tabonsa kaɗan ne, ɗaya ko biyu ko uku, mai haske, busasshe, ba gumi ba gashi, kuma ko an soka masa allura a wurin ba ya ji. Da wuya ya sa wa wani. Amma yaƙin yana da tsada, domin ƙwayar tana son ɓuya a cikin rigar jijiyoyin ji, kuma idan sojoji suka bi ta can, jijiyar ce ke zama filin daga, ta kumbura ta mutu.

A gilashi na farko kuwa, umurnin bai zo ba. Limfosait na mutumin suna yaƙar sauran cututtuka yadda ya kamata, amma wannan ƙwaya ɗaya sun kau da kai daga gare ta. Makarofaj ya haɗiye ta, ya kasa kashewa, sai ya zama mata rumbu. Tana hayayyafa a cikinsa, yana cika da maiƙo har ya zama kumfar nan da Virchow ya gani. Miliyoyin irinsu ne ke taruwa su zama ƙurajen fuska da na kunne, gira ta zube, karan hanci ya rushe. Ƙwayar tana son wuri mai sanyi-sanyi, shi ya sa ta fi kama fata da hanci da kunne da jijiyoyin da ke kusa da fata. Yawancin marasa lafiya suna tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne, kuma a 1966 wasu likitoci biyu, Ridley da Jopling, suka kasa su gida biyar bisa ga abin da ake gani a madubi. Har yau ana amfani da wannan rabo.

Wani abu kuma da ban sani ba sai a ranar: yatsun kuturu ba guntulewa suke yi da kansu ba. Hannun da ba ya jin zafi shi ke ɗaukar tukunya daga wuta, ƙafar da ba ta ji ita ke taka ƙaya ta yini da ita. Ciwo ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi, a hankali yatsa ya gajarce.

Hansen bai san ko ɗaya daga cikin wannan bayani ba. Sai a 1882 Metchnikoff ya gano cewa akwai ƙwayoyin jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta, aikin limfosait na T kuwa ba a gane shi ba sai wajen shekarun 1960. Wannan rashin sani shi ya jefa shi cikin ruɗani, domin yana ganin sandunansa a jikin masu ƙuraje, amma a jikin masu tabo sai ya neme su ya rasa. Kuma wannan ilmi ne ya warware mana hujjar Danielssen. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na mutane, jikinsu yana gamawa da ƙwayar tun ba ta kafu ba. Mai yiwuwa Danielssen yana cikinsu, shi ya sa allurarsa ba ta kama shi ba.

Rigima da Neisser

Don a yarda cewa ƙwaya ce ke kawo cuta, ana bukatar a raine ta a kwano, a sa wa dabba, dabbar ta kamu. Hansen ya gwada raino ya kasa. Ya sa wa zomaye da wasu dabbobi, ba abin da ya faru. Yana cikin wannan hali, a 1879, wani saurayin likita Bajamushe mai suna Albert Neisser ya zo Bergen. Hansen ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya nuna masa marasa lafiya, ya ba shi guntayen tsoka ya tafi da su. Neisser ya koma Breslau, ya yi amfani da sababbin rini, sandunan suka fito fili yadda ba mai musu. Sai ya wallafa sakamakon ba tare da ya ba mai masaukinsa haƙƙinsa yadda ya kamata ba, har aka fara kiran ƙwayar da sunan Neisser a Jamus. Danielssen, wanda bai ma yarda da ƙwayar ba, shi ya fi kowa fusata, ya matsa wa Hansen ya tashi ya kare kansa. Hansen ya wallafa bayaninsa cikin harsuna da dama a 1880. A ƙarshe duniya ta ba shi gaskiya, kodayake adalci shi ne a ce rinin Neisser ne ya sa masu shakka suka yarda.

Ranar da ya yi abin kunya

Wannan ɓangare ne na so in tsallake, amma tarihi ba ya cika da rabi. Ranar 3 ga Nuwamba, 1879, Hansen ya kira wata mata mai shekara 33 daga cikin marasa lafiyar asibitin, wadda ta daɗe tana fama da nau'in kuturta mai kashe jijiya. Yana son ya ga ko zai iya haddasa mata nau'in ƙuraje. Ya ɗauki 'yar wuƙar aikin ido wadda ya riga ya soka cikin kurjin wani mara lafiya, ya nufi idonta. Matar ta tsorata ta yi kuka ta ƙi. Aka rarrashe ta aka zaunar da ita, ya tsaga fatar idon ya sa abin. Bai gaya mata abin da yake yi ba, bai kuma nemi izininta ba. Ta yi makonni tana jin zafi. Kurji bai fito ba, kuma bisa ga abin da muka sani yanzu ba abin mamaki ba ne, tunda irin jikinta ne ke yi wa ƙwayar ƙawanya.

Matar ba ta yi shiru ba. Ta kai kuka wurin limamin cocin asibitin, magana ta kai kotu. A gaban alƙali Hansen bai musa ba. Hujjarsa ita ce ya san ba za ta yarda ba idan ya tambaye ta, kuma ya tabbata zai iya cire kurjin idan ya fito, sannan amfanin gwajin ga ƙasa ya fi wahalar mutum ɗaya. Manyan likitoci da dama suka goya masa baya. A ƙarshen Mayu 1880 kotu ta same shi da laifi, ta tuɓe shi daga aikin likitan asibitin. Amma gwamnati ta bar masa babban muƙaminsa na shugaban yaƙi da kuturta na ƙasa, wanda ya riƙe tun 1875 har ya mutu.

Ni dai a ganina kotu ta yi daidai, har ma ta yi sassauci. Na yi ta tunanin kakana a wannan kujera. Abin da ya ba Hansen ƙarfin hali shi ne matar kuturwa ce, talaka, wadda ba ta da inda za ta. Da ɗiyar attajirin Bergen ce, da ya tambaya. Surukinsa aƙalla jikinsa ya fara soka wa. Ana lissafa wannan shari'a cikin na farko-farko a duniya da aka hukunta likita saboda gwaji a kan mara lafiya ba da yardarsa ba, kuma abin da na fi riƙewa a ciki shi ne mace mara gata ce ta ja ta har gaban alƙali.

Dokoki da tafiya Amurka

Da aka raba shi da gadon marasa lafiya, sai ya mai da ƙarfinsa ga doka. Da shawararsa aka yi dokar 1877 da ta 1885, wadda ta ce dole mai cutar ya keɓe a ɗakinsa a gida, in ba haka ba a kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. An yi ta cece-kuce a kan dokar, waɗansu suna cewa an mai da marasa lafiya fursunoni. Adadin masu cutar ya sauka daga wajen 1,800 a 1875 zuwa ƙasa da 600 a 1901. Sai dai masana na baya sun nuna cewa adadin ya fara sauka tun kafin dokokin, kuma samun abinci mai kyau da gidaje masu faɗi sun taka rawa. Abin takaici shi ne ƙasashe da yawa sun ari dokar Norwe suka tsananta ta, suka riƙa kwashe mutane zuwa tsibirai da dazuzzuka har ƙarshen ransu.

Daga baya ya tafi Amurka, ya bi sawun mutanen Norwe masu kuturta da suka yi ƙaura zuwa Minnesota da jihohin da ke kusa da ita. Ya duba 'ya'yansu da jikokinsu, bai samu mai cutar ba. Jini ɗaya ne, amma gidaje sun yalwata, kowa da gadonsa, cuta ta tsaya. Da a ce dangin mijin 'yar'uwata sun san wannan labari! Gaskiya ne binciken zamani ya nuna cewa yadda garkuwar jikin mutum ke amsa wa ƙwayar yana da ɗan nasaba da halittar da ya gada, amma ba mai kamuwa sai ƙwayar ta shiga jikinsa, galibi daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, bayan doguwar cuɗanya. Maganar kifi ma ba Hausawa kaɗai ke yin ta ba. Wani babban likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya rubuta littafi guda a 1906 yana ɗora laifin a kan cin ruɓaɓɓen kifi.

Ƙarshen rayuwarsa

Girma ya zo masa tun yana raye. A babban taron kuturta na duniya na farko, a Barlin a 1897, aka amince cewa cutar yaɗuwa take yi kuma ƙwayarsa ce sanadi. Taro na biyu a garinsu aka yi shi a 1909, shi ne shugaba. Ya gaji Danielssen a shugabancin gidan tarihi na Bergen bayan rasuwarsa a 1894, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan halittun teku da ra'ayin Darwin. Ciwon zuciya ya dame shi shekaru da dama, amma bai daina zagayen duba marasa lafiya ba. A kan irin wannan zagaye ne ya rasu a garin Florø ranar 12 ga Fabrairu, 1912, yana da shekara 70. Daga zauren gidan tarihin aka yi masa jana'iza, da kuɗin gwamnati.

Ya mutu bai warkar da kuturu ko ɗaya ba, domin magani bai samu ba sai a shekarun 1940. A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A Uzuakoli, wanda 'yan mishan na Methodist suka buɗe a 1932, Dakta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya ba da ƙwayar dafson ta baki, mai arha, ta yi aiki. A can kuma Dakta Stanley Browne ya gwada kulofazimin a farkon shekarun 1960. Waɗannan biyu, tare da rifamfisin, su ne haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, wata shida ga mai tabo kaɗan, wata goma sha biyu ga mai yawa. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina sa wa wani. Duk da haka, a 2023 an samu sababbin kamu sama da 180,000 a duniya, mafi yawa a Indiya da Birazil da Indunisiya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ake samun su kowace shekara. A Birazil ma an daina kiran cutar da tsohon sunanta a hukumance, ana kiran ta da sunan Hansen, haka kuma akwai cibiyar bincike mai sunansa a Adis Ababa tun 1970.

Abin da ya gagare shi kuwa, wato rainon ƙwayar a kwano, har yau ya gagari kowa. Takan ɗauki kusan mako biyu kafin ta rabu biyu, alhali waɗansu ƙwayoyin cuta minti ashirin ya ishe su. A tafin ƙafar ɓera aka fara samun rainon ta a 1960, sannan a 1971 a jikin wata dabbar Amurka mai sulke da ake kira amadilo.

Bayan na gama wannan rubutu na koma wurin dattijon nan mai goro, na zauna na kwashe labarin duka na gaya masa, har da na sojojin jiki da kumfar sabulu. Ya saurare ni da kyau, ya yi mini tambayoyi a kan matar da aka soka wa wuƙa a ido, ya gyara mini Hausa a wuri biyu. Ya ce maganar gado ya yarda ya bar ta, tunda ga kakana ga jikokinsa. Amma kifi da nono, ya ce, shi dai ba zai haɗa su ba.